Littafin dawakin Ingila da na buɗe saboda Auta

Lahadi, 14 ga Afrilu 2024

Yau na sayo littafi mai layi-layi a bakin titin Tudun Wada nan Zariya na zana masa gidaje da rula, wannan aikin wata uku na ɗibar masa in Allah ya ba mu rai. Dalili kuwa autan gidanmu ne. Ana saura kwana biyu sallah Hajiya ta ba shi kuɗin karɓo ɗinkin yara, ashe rabin kuɗin ya tsaya a wani shagon bet a Sabon Gari, wai tseren dawakai ake nunawa a talabijin duk bayan 'yan mintuna. Na yi faɗa, Hajiya ta yi kuka, Kawu ya ce zai zane shi duk girmansa, amma abin da ya tsaya min a rai amsar da yaron ya ba ni ce bayan kowa ya watse. Ya ce Yaya kai da ka karanta lissafi ai ya kamata ka fi kowa ganewa, ni ba caca nake ba, balu nake nema, in mai shago ya yi kuskuren farashi sai in ɗauka.

Na san hukunci, shi ma ya sani, tun muna allo aka karanta mana ayar Ma'ida ta 90 da ta haɗa giya da caca ta ce ƙazanta ne daga aikin shaiɗan. To amma yaro ya gina wa kansa katanga da kalmar balu, ya shige bayanta, wa'azi na wucewa ta sama. Shi ya sa na ce masa mu yi yarjejeniya: ya daina shiga shagon har ƙarshen Yuni, ni kuma zan zauna da shi mu gwada wannan balun nasa a kan dawakan gaske na Ingila, a takarda kawai, ko kwabo ba za a sa ba, asusu ma ba za mu buɗe a ko'ina ba. Duk dokin da muka zaɓa sai a rubuta kamar an sa masa naira 1,000. Ya yarda. Ni dai garaɓasa zan dinga kiran abin don shi ne ma'anarsa, ka samu kaya ƙasa da kuɗinsa.

Asabar, 20 ga Afrilu

Darasin farko, kuma a kansa muka kwana uku. Od ba komai ba ne illa yiwuwar nasara da aka juya ta koma farashi. Ka raba 1 da od ɗin sai ta fito. Od 2.0 kashi 50 cikin ɗari ke nan, od 4.0 kashi 25, od 10 kashi 10. Turawan Ingila su da ɓangare suke rubutawa, 7/1 wato ka sa ɗaya ka ci bakwai a dawo maka da naka, a namu rubutun 8.0 ke nan. Na kawo masa misalin babban tseren Grand National da aka yi a filin Aintree Asabar ɗin da ta wuce, doki mai suna I Am Maximus ya ci a 7/1 kuma yana cikin 'yan gaban goshi biyu na tseren, wato waɗanda aka fi sa ran za su ci, amma duk da haka farashinsa cewa yake kashi 12 da rabi ne kawai damarsa. Garaɓasa tana samuwa ne idan kai ka san ainihin damar doki ta fi wadda farashi ya nuna. In kana da tabbacin kashi 30 ne amma ana ba da 4.0, ka ninka 0.30 da 4 ka samu 1.2, ya haura 1, to a nan akwai riba in aka yi ta maimaitawa sau da yawa. In bai kai 1 ba kai ne kake ciyar da mai shago.

Sai na ce ya kawo min tsohon tikitinsa da od ɗin dawakai shida na wani zagaye da ya taɓa kwafa a waya. Ga su: 2.5, 4, 5, 7, 10, 12. Muka juya su ɗaya bayan ɗaya, 40 da 25 da 20 da 14.3 da 10 da 8.3. Na ce tara. Ya tara ya samu 117.6, ya sake tarawa don yana ganin ya yi kuskure, tunda doki ɗaya ne zai ci dole jimla ta zama 100. Na ce ba ka yi kuskure ba, wannan 17.6 ɗin la'adar mai shago ce da ya cusa cikin kowane farashi tun kafin a saki dawakai, wajen naira 15 a duk 100 da mutane suka zuba ta riga ta zama tasa. Kuma waɗancan dawakan na talabijin ɗin shago ba dawakai ba ne, zane ne, kwamfuta ke fitar da lamba haka kawai bisa sa'a sannan a nuna maka hoton gudu da ya dace da lambar. Ba su cin harawa, ba su ciwon ƙafa, ba su da jiya. Wane sani za ka yi musu da zai fi na injin da ya haife su? Ya yi shiru ya daɗe, can ya ce to na gasken fa. Na ce shi muka zo gwadawa.

Asabar, 27 ga Afrilu

Aikin ya fi yadda na zata nauyi. Kullum bayan isha sai in buɗe jadawalin gobe a Racing Post, jaridar sukuwa ta Ingila, in zaɓi tsere uku ko huɗu, in rufe gefen od da hannu don kar ya ja ni, in ba kowane doki kasonsa har jimla ta cika 100, sai da safe mu kwatanta da farashi. Abubuwan dubawa kuwa ba iyaka. Nisa da falon suke aunawa, falon ɗaya wajen mita 201, takwas ne mil guda. Nauyin da doki zai ɗauka da siton da fam, siton ɗaya fam 14. Yawancin tserensu na daidaita nauyi ne, wanda ya fi gudu a ɗora masa ƙarin kaya don a zo kan layi kusan tare, ka ga ke nan da gangan aka tsara abin ya yi wuyar hasashe. Ga yanayin ƙasa, wani dokin sai an yi ruwa ciyawa ta yi laushi yake gudu, wani kuma in ba busasshiya ba ce ba ya motsi. Ga wanda ya hore shi, ga mahayi, ga kwana nawa rabonsa da fita.

Abu ɗaya da ya zo mana da sauƙi, yanzu agogonmu da na Ingila ɗaya ne, tserensu na rana yana faɗowa tsakanin azahar da magariba. Wuta ce matsala da wannan zafin, sau biyu waya na mutuwa ina tsakiyar lissafi. Zuwa yau mun auna tsere 31, mun ga abin da muke zaton garaɓasa ce sau 14, biyu suka ci.

Asabar, 4 ga Mayu

Yau raina a jagule yake.

An yi babban tseren 2000 Guineas a Newmarket, mil guda, dawakai 'yan shekara uku. Duk duniyar sukuwa maganar City of Troy take, ɗan Justify wanda ya lashe manyan tsere uku na Amurka a 2018, Aidan O'Brien ke horar da shi a Ayilan, Ryan Moore a kansa, bara sau uku ya fita sau uku ya ci. Farashinsa 4/6, wato 1.67, kashi 60. Ni na kalli bidiyonsa na tseren Dewhurst da ya ci bara har sau biyar na ba shi kashi 68, na ninka na samu 1.13, na ce wa Auta ga garaɓasa ko da ribar kaɗan ce. Shi kuma ya ce shi Notable Speech ya ɗauka, na Godolphin, masu shuɗiyar riga na Sheikh Mohammed na Dubai, a 16/1. Na tambaye shi hujja ya ce od ɗin ne ya yi masa kyau kuma dokin bai taɓa faɗuwa ba. Na ce dokin da bai taɓa tsere a kan ciyawa ba, duk fitarsa uku a filin roba na Kempton ne. To Notable Speech ya ci. City of Troy ya zo na tara cikin goma sha ɗaya.

Da ka ga idon yaron nan. Ya tashi tsaye yana cewa Yaya da dubu biyar na sa da yanzu dubu tamanin da biyar ne a hannuna, ka gani ko, ka gani ko. Wallahi gabana ya faɗi, don wannan shi ne ainihin ƙugiyar, ci ɗaya mai girma yana shafe tunanin faɗuwa ashirin. Na buɗe masa shafinsa na nuna masa dogayen od goma sha ɗaya da ya zaɓa kafin yau duk sun faɗi, ya ce ai ga shi guda ɗaya ta biya su duka har da canji. Kuma a lissafin yau gaskiyarsa ne, ban da bakin musu. Na kwanta ina tunanin anya ba ni na ƙara masa wuta ba.

Juma'a, 10 ga Mayu

Bayan masallaci na tsaya wajen malaminmu na zaure na faɗa masa komai. Ya saurara har na gama sannan ya ce niyyarka mai kyau ce amma ka sani mai kiwo a gefen shinge ya kusa faɗawa gona, kar wa'adin ya wuce yadda ka ɗiba kuma kar ka bar shi shi kaɗai da wayar. Ya ƙara min da abin da ban riƙe da kyau ba, cewa sukuwa ita kanta ba laifi ba ce, Annabi (SAW) ya sa an yi tseren dawakai daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada'i kamar yadda Ibn Umar ya ruwaito, kuma hadisi ya halatta kyauta a tseren doki da raƙumi da harbi. Inda aka ɓata shi ne 'yan kallo su zuba kuɗi wani ya kwashe na wani. Na ce Allah gafarta malam ai ko Dubai da Saudiyya suna manyan tsere, Saudi Cup kyautarsa dala miliyan 20 ce, kuma ba rumfar caca a filin.

Ta ɓangaren littafi, satin nan Chester muka bi. Filin ƙarami ne zagayayye kamar faranti, dokin da ya samu ƙofar farawa ta ciki kusa da shinge ya rage wa kansa tafiya, musamman a gajeren tsere. Na yi murna na ce na samo sirri. Da muka duba farashi sai muka tarar duk na ƙofa 1 da 2 da 3 an riga an matse od ɗinsu. Kowa ya sani ashe, shekara da shekaru.

Lahadi, 19 ga Mayu

Wannan abin na Chester ya sa na koma karatu, kuma yau na fahimci inda gizo ke saƙar. Farashin doki a Ingila ba ra'ayin mutum ɗaya ba ne. Dubban mutane ne suka zuba kuɗinsu, cikinsu akwai ma'aikatan barga da suka ga dokin da asuba, akwai masu kwamfutoci da bayanan shekaru, ga kasuwar musaya irin Betfair da aka buɗe tun 2000 inda mutane ke cinikin od tsakaninsu har lokacin da za a buɗe ƙofa. Kafin labari ya iso wayata a Zariya ya riga ya shige cikin farashi. 'Yan gaban goshi kusan ɗaya cikin uku suke ci, kuma od ɗinsu kusan hakan yake nunawa, ka cire la'ada.

Akwai ma wani abu da masana suka lura da shi tun 1949, wani Ba'amurke Richard Griffith ya fara rubuta shi: mutane na son dogon od fiye da ƙima, suna zuba wa dokin da ba shi da dama kuɗi saboda mafarkin ci babba, don haka asarar mai bin dogayen od ta fi ta mai bin gajeru nesa ba kusa ba. Wato daidai hanyar da Auta ya fi so ita ce mafi tsada. Zai kawo maka Foinavon da ya ci Grand National a 100/1 a 1967 da Mon Mome a 2009, don ya haddace su yanzu, amma ba ya tambayar dawakai nawa ne suka fita a 100/1 tsakanin waɗannan shekaru 42 suka dawo ba kowa ya san sunansu.

Ban ɓoye masa cewa akwai waɗanda suka yi nasara ba, don in na ɓoye ya gano da kansa shikenan na zubar da yardar da ke tsakaninmu. Na ba shi labarin Bill Benter, Ba'amurken da ya tara dukiya a tseren Hong Kong. Amma dubi yadda ya yi. Filaye biyu ne kacal a can, Sha Tin da Happy Valley, dawakan su ne dai suke ta haɗuwa da juna, ya shafe shekaru yana tara bayanai yana gina manhaja mai auna abubuwa fiye da ɗari a kan kowane doki, ya yi asara da farko, kuma abin bai daidaita ba sai da ya sa od ɗin jama'a cikin lissafinsa, wato shi ma ya sallama cewa kasuwa ta san abin da bai sani ba. Ga ma'aikata ga jari mai jure faɗuwar watanni. Na ce Auta mu me muke da shi, littafin naira ɗari biyar da data ɗin da ke ƙarewa ran Laraba.

Shafina: zaɓi 47, ci 8, an sa 47,000 na takarda an dawo da 41,300. Shafinsa har yanzu yana sama da nawa saboda Notable Speech amma ribar ta zaizaye saura kaɗan.

Asabar, 1 ga Yuni

Shekaranjiya na je gidan Kawu a cikin birni wajen Ƙofar Doka, shi ne mai dawakai a danginmu, uku gare shi, akawali ɗaya da bidi da wani ɗan Sudan da yake ji da shi. Ina zaune yana jiƙa dusa da kanwa na nuna masa bidiyon Guineas, ban gaya masa komai ba na nuna City of Troy na ce Kawu duba min wannan na cikin ƙofar. Ya karɓi wayar ya nisanta ta da ido, ya ce maido baya. Sau uku. Sai ya ce wannan dokin ba gudu ya rasa ba, ransa ne ya ɓaci tun kafin a buɗe, ka ga yadda ya yi tsalle a ciki, doki in ya ƙone ƙarfinsa a tsaye to rabin hanya zai saki. Ya ce in mai shi ya san aikinsa zai gyara shi.

Ban ɗauki maganar ba. A Derby na yau a Epsom, mil ɗaya da rabi, tseren da ake yi tun 1780, an sa City of Troy 3/1, kashi 25, ni kuma saboda haushin abin da ya yi min na ba shi 15 na tsallake shi. Ya fito daga ƙofa ta 1 ya ci da tazara, Ambiente Friendly na biye, Derby na goma ke nan ga O'Brien. Sai daga baya na ga ashe bara ma haka aka yi, Auguste Rodin na wannan bargar ya watse a Guineas ya zo ya ci Derby. Doki ɗaya, City of Troy, sau biyu ina auna shi, na farko na kai shi sama da kasuwa na biyu na kai shi ƙasa, duka biyun kasuwa ta fi ni kusa da gaskiya ko kuma dai zuciyata ce ke rubuta lambar ba ilimi ba. Kawu da bai san me ake kira od ba ya ga abin da na kasa gani cikin minti biyu, saboda shekara arba'in yana shaƙar warin barga.

Na gaya wa Auta haka ɗin ba ragi. Ya ce to mu dinga kai wa Kawu bidiyo mana. Na ce je ka faɗa masa da bakinka me za ka yi da amsar.

Laraba, 19 ga Yuni

Hidimar babbar sallah ta cinye mu, kwana tara ban taɓa littafi ba. Abin da ya faru a ciki ya fi littafin. Kawu ya ce a turo masa Auta ya taya yaransa wankin dawakai da gyaran kayan hawa, ya je da ƙyar, ya dawo yana ba Hajiya labarin yadda ake duba haƙori a san shekarun doki da yadda ake shafa ƙafa daga gwiwa zuwa kofato a ji ko akwai zafi. Kawu ya ba shi labarin bidin nan, cewa a rame ya saye shi ƙashin haƙarƙari a waje kowa na cewa ya yi asarar kuɗi, shi kuwa ya duba ƙirji da tsayin ƙafa da idon ya san yunwa ce kawai da tsutsar ciki, wata huɗu yana ba shi harawa da dawa, yanzu an taya shi ninki biyu ya ƙi. Auta ya ce min Yaya ai wannan ita ce garaɓasar. Ban ce komai ba don kar in ɓata.

Jiya an buɗe taron sukuwa na Royal Ascot, Rosallion da ya zo na biyu a Guineas ya ci tseren St James's Palace, Notable Speech ko cikin ukun farko bai shiga ba. Notable Speech ɗin kuwa Auta ya sake zaɓa.

Lahadi, 30 ga Yuni

Wa'adi ya cika, mun zauna a zaure bayan la'asar muka tara komai. Tsere 203 muka auna. Ni zaɓi 88, ci 15, cikin 88,000 na takarda 76,900 suka dawo. Auta zaɓi 102, ci 7, an dawo masa da 71,500, da Notable Speech ɗin a ciki. Ya karɓi kalkuleta ya sake bi layi-layi da kansa, ya samo wuri ɗaya da na yi kuskuren 2,000 a shafinsa, muka gyara ya koma 73,500.

Ya ce wata uku ya yi kaɗan a yanke hukunci, kuma a ilimin lissafi yana da gaskiya, zaɓi ɗari ba ya isa a raba sa'a da ƙwarewa, na faɗa masa hakan. Ya nemi mu ƙara wata uku. Na ce a'a, alkawarin da na yi wa malam ke nan, kuma ni kaina na lura kwanan nan ina sallame sallar la'asar hankalina na kan wane ya ci a York, abin bai min daɗi ba ko kaɗan. Ban sani ba ko ya shiga shagon nan a ɓoye cikin watannin, na tambaye shi ya ce sau ɗaya a watan Mayu, satin Guineas, naira 1,500, kuma ya faɗi. Na ji zafi amma na gode masa da bai min ƙarya ba.

Littafin na ba Hajiya ta sa a ƙasan akwatinta. Kawu ya aiko a gaya wa Auta ya kwana da shiri, ran Alhamis da asuba za su je duba wata goɗiya da aka yi masa maganarta a wani ƙauye ta hanyar Soba, ya ce ya zo da tocila don a cikin duhun barga za su fara ganinta kafin mai ita ya fito da ita rana.